Ƙidayar Itatuwan Dajinmu: Aikin Gayya da ke Jiran 'Yan Tambuwal da Kebbe

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya

 



GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku. Bisa al'ada, idan muka haɗu irin haka, zancenmu yakan tsaya ne kan rijiyoyin burtsatse da azuzuwan makaranta da maganin asibiti da tallafin karatun yaranmu, kuma duk sun cancanci a tattauna su. Yau kuwa ina neman izininku mu leƙa bayan gari, wurin wata dukiya da muka gada ba da ko sisinmu ba, wadda take zurarewa daga hannunmu ba tare da an yi mata lissafi ba. Ina nufin itatuwa da tsirran dajinmu, musamman waɗanda suka fara wuyar gani.

A cikinmu nan akwai akantoci da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa, mutanen da ba su kwanciya sai sun rufe lissafin yini. To, wane ne zai iya gaya mana yawan ɗorowar da ke cikin gonakin garinsu? Kaɗe nawa ya rage tsakanin Tambuwal da Dogon Daji? A cikin maɗacin da ke tsaye a ƙasar Kebbe, nawa ne ƙanana masu tasowa? Dukkanmu mun ji dattawa suna cewa daji ya ƙare, mun kuma gani da idonmu in mun zo gida hutun Sallah. Sai dai ji da gani ba su zama hujjar da za a ajiye gaban hukuma, kuma ba su nuna mana inda za mu fara gyara. Abin da nake son in roƙi wannan ƙungiya shi ne ta jagoranci ƙidaya, ta hanyar mutanenmu na gida da za su yi aikin don Allah da kishin garinsu.

YADDA ICCE KE ƁACEWA BA A FARGA BA

Sunayen wurarenmu kansu shaida ne kan matsayin icce a rayuwar kakanninmu. Ga Dogon Daji a nan ƙasarmu, ga Gawon Nama da Giginya a birnin Sakkwato, ga Kalgo kusa da Birnin Kebbi. Sunan yakan daɗe bayan iccen ya tafi, har a wayi gari yaro yana faɗinsa bai san abin da yake nufi ba.

Dalilin da ya sa ba mu farga da wuri shi ne, icce yana da tsawon rai fiye da mutum. Manomi zai dubi gonarsa ya ga ɗorowa uku da kakansa ya bari, suna ba shi kalwa kowace bazara, sai hankalinsa ya kwanta. Abin da bai lura da shi ba shi ne babu ko ƙaramar ɗorowa ɗaya a gonar. An tsince 'ya'yan kaf an yi daddawa, ɗan abin da ya faɗi ya tsiro kuma garmar shanu ta tumɓuke shi, wanda ya tsira daga garma awaki sun cinye shi da rani. A da, gona takan huta shekaru ta zama saura, a cikin wannan hutun ne ƙananan itatuwa ke samun damar girma. Yau jama'a ta yi yawa, gona ba ta hutawa. Saboda haka gonakinmu da yawa sun zama kamar garin da ke cike da tsofaffi babu yaro ko ɗaya. Ranar da iska ta kayar da tsohuwar ɗorowar nan, ko gatari ya hau ta, shi ke nan an rufe babinta.

Ga kuma jinkirin girma. Kaɗe, wanda wasu ke kira kaɗanya, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, kuma ƙwararsa ba ta jure ajiya, in ba a shuka ta tana ɗanya ba, cikin 'yan makonni ta mutu. Ke nan sakacin da muka yi bana, 'ya'yanmu ne za su biya shi bayan shekara ashirin. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe itatuwa masu yawa a faɗin ƙasashen Sahel, kuma gurbin da suka bari a wurare da dama har yau bai cike ba.

WAƊANDA SUKA FI SHIGA HAƊARI

Wasu daga cikin itatuwan da muka sani tun muna yara sun riga sun shiga jerin da duniya ke fargabar ƙarewarsu. Madobiya ce kan gaba. Lokacin da kasuwar katakonta ta buɗe a ƙasar Sin, an yi mata saran ƙare dangi a jihohi irin su Taraba da Kogi. A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, suka sa ta cikin jerin da ba a fitarwa sai da takardar da ke tabbatar da cewa cinikin ba zai ƙarar da ita ba. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A 2022 kuma, a taron Panama, aka ƙara kawo da maɗaci cikin wannan jeri. Ƙungiyar IUCN, mai tattara bayanan halittun da ke fuskantar barazana, ta sa kaɗe da maɗaci da kawo cikin masu rauni, madobiya kuwa a matakin da ya fi wannan tsanani.

Akwai kuma waɗanda ba su yi suna a tarukan duniya ba, amma mu mun san amfaninsu. Kirya ita ce gawayin maƙera, ita ce turmi da taɓarya, kuma ƙarfin nan nata ne ya sa masu gawayi ke fara nemanta. Sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, saiwarta ake haƙa, wanda kuwa aka haƙe wa saiwa ba ya sake tashi. Maɗaci da hano ɓawonsu ake sassaƙa, idan aka zagaye gindin da sassaƙa, iccen ya mutu a tsaye. Ga taura da gawasa da ɗunya da kaiwa da tsada da gwandar daji, abincin yara a hanyar kiwo, waɗanda yaran da muka haifa a birni ba su san ɗanɗanonsu ba. Har gamba da ake saƙa zana da ita, da rawaya da ake sa wa miya, sun cancanci a sa musu ido.

Kada mu ɗauka wannan laifin mutanen ƙauye ne su kaɗai. Buhun gawayin da ke cikin ɗakunan girkinmu a Sakkwato da Abuja daga wani daji ya fito, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar gas da kananzir, gidaje da yawa sun koma ga gawayi. Mu ne masu aika saƙon a kawo mana sassaƙen maɗaci da daddawa mai kyau da man kaɗe. Mai sara yana sara ne domin akwai mai saye, mai sayen kuwa yana zaune a wannan zaure.

ABIN DA WASU SUKA YI

Ba sai mun je nesa ba kafin mu sami abin koyi. A 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa tana neman dama. Maimakon a sassabe su duka, sai a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoman yankin suka karɓi wannan dabara, aka riƙa kiranta sassabin zamani. Da masana suka gwada hotunan sama na shekarun 1970 da na bayan 2000, sai suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomi ɗan Burkina Faso, lambar yabo ta Right Livelihood, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan iccen da ya raina a gonarsa.

Abin da ya fi shafar maganarmu ta yau shi ne yadda aka tsare waɗannan itatuwa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a da kansu suka kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata da manoma da makiyaya. Su ke zagayawa, su ke lura da wanda ya yi sara ba bisa ƙa'ida ba, su ke kai magana gaban mai gari. Waɗannan Hausawa ne irinmu, kuma ruwan saman da suke samu bai kai namu ba.

A Afirka ta Kudu kuma, tun 2003 ake gudanar da wani shiri mai suna CREW, inda malaman makaranta da manoma da ma'aikatan da suka yi ritaya ke fita a lokacin da tsirrai ke fure, su nemo waɗanda suka yi ƙaranci, su ƙidaya su, su miƙa bayanin ga hukumar kula da halittu ta ƙasar. Ta wannan hanya an sake gano tsirran da aka daɗe ana zaton sun ƙare. Darasin shi ne, masanan jami'a ba su da yawan da za su taka kowane lungu, amma mutanen gari suna nan kullum.

GADON DA MUKE DA SHI

Wannan aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna nan maƙwabtanmu Gwandu, ya yi littafi kan hukunce-hukuncen ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hurumin gari da filin da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa wanda ya dasa icce, duk mutum ko dabba ko tsuntsun da ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Ilimin ma namu ne. A 1916 wani likitan Turawa mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, har masana suka laƙaba wa hano sunansa a harshen kimiyya. Daga bakin wa ya ji waɗannan sunaye? Daga bakin manoma da mahalba da masu magani da makiyaya. Jikokinsu na nan a Sanyinna da Jabo da Kuchi da Ungushi. Amma kowane dattijo da muka kai makwanci yana tafiya da sunayen da ba a rubuta ba, don haka ƙidayar da nake kira gare ta ta haɗa da rubuta abin da ke cikin kawunansu tun suna raye.

YADDA AIKIN ZAI GUDANA

Na zaɓi in kira shi aikin gayya, domin kalmar 'yan sa kai ta ɗauki wata ma'ana dabam a yankinmu a 'yan shekarun nan. Makamin wannan aiki littafi ne da alƙalami da awon tela.

Da farko, a kowane gari a sami mutum biyar ko shida: dattijo masanin daji, mace mai sana'ar daddawa ko man kaɗe, makiyayi, malamin makaranta, da matashi ɗaya ko biyu masu iya aiki da waya. Mata sun fi kowa sanin wace ɗorowa ce ta rage 'ya'ya, makiyayi kuwa ya san inda kawo da madobiya suka rage, tunda ganyensu yake yanka wa shanu da rani.

Na biyu, su zauna da jama'a a fitar da jerin itatuwa da tsirrai goma zuwa goma sha biyar da kowa ya yarda sun yi ƙaranci. Jerin Kebbe, mai fadamun gulbin Zamfara, ba lalle ya zo ɗaya da na Tambuwal ba.

Na uku, a zaɓi wurare tabbatattu da za a riƙa komawa kowace shekara, kamar gonaki goma a gabas da gari, da bakin fadama, da burtali, da maƙabarta. Maƙabarta tana da muhimmanci, domin ba a noma ta ba a sara a cikinta, sau da yawa can ne ake samun abin da ya ɓace a gonaki.

Na huɗu, ga kowane icce a rubuta sunansa da inda yake da kaurin gindinsa daidai ƙirjin mutum, a kuma rubuta halin da yake ciki, ko an sassaƙe shi, ko an yi masa aski, ko wuta ta taɓa shi, ko yana 'ya'ya. Sannan a ƙidaya ƙananan da ke kewaye da shi kashi biyu: waɗanda akuya ke iya kai wa baki, da waɗanda suka fi ƙarfinta. Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, domin yawan ƙanana ne ke nuna ko irin zai ɗore.

Na biyar, a fita sau biyu a shekara, a ƙarshen damina wajen Oktoba, da kuma bazara wajen Afrilu lokacin da ɗorowa ke nuna. Bambancin lissafin biyu zai nuna tsiro nawa ne ya tsallake rani. A ajiye littafi ɗaya wurin hakimi, ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin ƙungiya, a kuma ɗauki hoto da waya.

Bayan shekara biyu ko uku, littafin da kansa zai gaya mana abin yi. Inda aka ga tsiro na fitowa yana mutuwa, sai a kewaye shi da ƙaya. Inda babu tsiro ko kaɗan, sai a roƙi masu gona su bar wani abu na kalwa domin iri, a shuka ƙwarar kaɗe tana ɗanya. Inda kututture ke da rai, sai a gwada sassabin zamani. Inda icce ɗaya tak ya rage na wani iri, sai a nemi uban ƙasa ya sa masa hurumi.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Akwai hattara guda huɗu. Ta farko ita ce tsaro. Kowa ya san halin da wasu dazuzzukan yankinmu ke ciki, kuma babu iccen da ya kai ran mutum. A tsaya gonakin kusa da gari da wuraren da hakimi ya tabbatar da lafiyarsu.

Ta biyu, kada a yayata inda icce mai tsada yake. Wanda ya sa hoton madobiya ko sanya a Facebook tare da kwatancen wurin, ya yi wa mai gatari jagora.

Ta uku, a fahimtar da manoma tun farko cewa wannan ƙidaya ba ta haraji ba ce, kuma ba hanyar karɓe gona ba ce. Manomin da ke tsoron cewa icce zai jawo masa tara, da hannunsa zai cire shi tun yana ƙarami. Shi ya sa dole a bi ta hannun iyayen ƙasa da hakimai da limamai.

Ta huɗu, masu ƙidaya ba 'yan sanda ba ne. Mai gawayi da mai sassaƙa da makiyayi 'yan'uwanmu ne masu neman abin kai wa baka. A jawo su cikin aikin, a nuna wa mai sassaƙa ya ɗebi gefe ɗaya ya bar wa iccen hanyar rayuwa, a nuna wa mai yankan ganye ya bar kan iccen.

NAUYIN DA KE KANMU MAZAUNA BIRNI

'Yan'uwa, mu ba za mu iya zagaya gonaki sau biyu a shekara ba, amma akwai abin da mu ne kaɗai za mu iya. Ina ba da shawara guda huɗu ga wannan taro.

Ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti, ta fara gwaji da garuruwa huɗu, biyu a Tambuwal biyu a Kebbe, kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin gari ɗaya. Abin da ake buƙata bai wuce littattafai da awo da kuɗin mota da ɗan abin goro ba.

Biyu, 'ya'yanmu da ke koyarwa ko karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa mu da malaman sashen gandun daji da na nazarin tsirrai, domin su horar da masu ƙidaya, su kuma tantance duk tsiron da aka yi saɓani kan sunansa. Ɗalibanmu na iya yin binciken kammala karatunsu a kan wannan littafi.

Uku, waɗanda ke aikin gwamnati su kai sakamakon inda zai yi amfani. Sakkwato na cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa da doka a 2015, ke aiki a cikinsu. Tana kuma cikin jihohin arewa 19 da shirin ACReSAL ya shafa, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a watan Disambar 2021. Garin da ya zo da lissafi a rubuce ya fi wanda ya zo da koke samun kunnen saurare, kuma zai iya neman a raini irin itatuwansa na gado a gandun raino, maimakon dogon yaro da turare kaɗai.

Huɗu, kowace shekara a ware shafi a wannan mujalla a buga sakamakon ƙidayar, gari bayan gari, a kuma karrama waɗanda suka yi aikin a gaban wannan taro kamar yadda muke karrama masu ba da gudummawar kuɗi.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wani baƙo da zai zo daga Abuja ko Ingila ya san dajin Tambuwal da Kebbe fiye da waɗanda suka yi kiwo a cikinsa. Ajin da muka gina bana, in ya tsage za mu iya sake gina shi baɗi. Kaɗen da ya ƙare a gari kuwa, ko mun tara kuɗin duniya, sai mun jira shekara ashirin, in ma an sami irin da za a shuka. Ina roƙon wannan taro kada ya tashi sai ya sanya sunayen garuruwa huɗun nan da rassan da za su ɗauki nauyinsu, domin ƙidayar farko ta kama a ƙarshen damina mai zuwa.

Allah ya albarkaci ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.